Zanen da ke damtsena: wa zan ba ya goge min?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Lokacin da nake neman kuɗi a Duwala aka yi min baƙin zane na tawada a fata, wato tattoo, a damtse. Yanzu na dawo Garwa, saura wata huɗu aurena, surukaina kuma ba su san da shi ba. Wani mai shago ya ce zai goge min a zama ɗaya da wani ruwa da yake shafawa. In je?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka je. Tawadar zanen ba a saman fata take ba, tana can ciki, zurfin milimita 1 zuwa 2. Duk ruwan da zai kai wurinta sai ya cinye fatar da ke sama tukuna. Yawanci asid ne, ko da wane suna ya kira shi. Haka masu ruwan batir, da masu gurzawa da gishiri da lemun tsami, da masu ɗora ƙarfe mai zafi: ƙuna suke yi wa mutane, su karɓi kuɗi. Kullum muna ganin abin da ke biyo baya, gyambo mai ruwa har makonni, sannan tabo mai tauri ya taso yana ƙaiƙayi, ya zarce girman zanen. Baƙar fata irin tamu ta fi saurin yin wannan tabon, kuma kafaɗa da ƙirji da damtse na cikin wuraren da ya fi fitowa. Abin takaici, sau da yawa tawadar tana nan a ƙarƙashin tabon. Man bilicin ma ba ya taɓa ta, fatar kewaye yake hasakawa, zanen ya ƙara fitowa fili.

Abin da ke aiki shi ne leza, wato na'urar da ke harba haske mai ƙarfi cikin fata, a hannun likitan fata mai rajista da ƙungiyar likitocin Kamaru. Ka tambayi sunan na'urar. Wadda ta dace da fatarmu ita ce wadda ake kira Nd:YAG, mai lamba 1064, irin da ke sakin haske cikin ƙiftawa. Tana farfasa tawadar, jiki ya kwashe ɓarɓashin a hankali. In na'urar cire gashi ce, ka tashi. Likitan kirki zai tambaye ka ko ka taɓa yin tabo mai tasowa, ya gwada ɗan ƙaramin wuri ya jira makonni, ya kuma sa maka tabarau na kariya.

Baƙin zane ya fi sauƙin fita, wannan sa'arka ce. Amma ana yin zama 6 zuwa 10, wani lokaci fiye, da tazarar mako 6 zuwa 8 tsakani. Kafin ɗaurin aure zama 2 ko 3 za ka samu: zai dusashe, ba zai ɓace ba. In ka yi tattaki zuwa Yawunde ko Duwala, ka lissafa kuɗin mota na kowane zama, ka biya zama-zama. Bayan kowanne, kada ka fasa ƙurjin da ya taso, ka rufe wurin daga zafin ranar Garwa da riga mai dogon hannu.