Yaya Zan Sami Malamin da Zai Koya Mini Bincike Tun Ina Aji Uku?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aji uku a sashen nazarin ƙananan halittu, kuma burina in yi digiri na biyu. Ina neman malamin da zai koya mini bincike tun yanzu, amma na gaba da mu sun ce sai da ɗaurin gindi, kuma wai wahalar banza ce tunda ana sayen kundin binciken kammala digiri a shirye. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, 'yata. A yawancin jami'o'inmu sashe ne ke raba ɗalibai ga masu duba kundi a ajin ƙarshe, amma malamin da ya riga ya ga ƙwazonki yana iya neman a ba shi ke. Ki duba Google Scholar, shafin intanet na neman rubuce-rubucen masana, ki ga abin da malaman sashenku suka wallafa kwanan nan, ki karanta maƙala ɗaya da kyau, sannan ki je ofishin mai ita da tambaya guda a kanta. Kada ki raina ƙaramin malami, domin sau da yawa ya fi farfesan da kwamitoci suka yi wa yawa samun lokacinki, kuma wanda ya sami tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, yana buƙatar mataimaka a ɗakin gwaji.

Batun sayen kundi kuwa shi ke ci mini tuwo a ƙwarya kowace shekara. Wasu masu shagunan kwamfuta na bakin ƙofar jami'a sukan ɗauko tsohon kundi, su sauya sunan gari da shekara, su sayar wa ɗalibai da dama. Na zauna a wajen kare kundi inda ɗalibi ya kawo sakamakon gwajin ruwan rijiyoyi, jadawali cike da alƙaluma, amma da mai jarabawa daga waje ya tambaye shi a kan wane sinadari ya rena ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan, kuma me ya sa aka ajiye su awa 24 a zafin digiri 37 na ma'aunin Celsius, sai ya sunkuyar da kai yana murza takarda. Ko Turnitin, manhajar gano satar rubutu, bai kama shi ba, bakinsa ya tona shi, ya kuma maimaita shekara. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne alƙaluman ƙarya ne a kan ruwan da mutane ke sha. Kuma wane malami ne zai rubuta wa irin wannan ɗalibi takardar shaida zuwa digiri na biyu?

Ki riƙa zuwa ofis a lokacin aiki, idan kuma wani ya nemi kuɗi ko abin da bai dace ba, ki kai ƙara wurin shugaban sashe a rubuce.