Ɗ ta fito siririya a allon butik ɗina, in yarda a cire lanƙwasar?

Tambaya: Malam, ni tela ne a unguwar Wadata, Yamai. Na ba da aikin allon butik, aka zaɓa mini rubutun nan mai kauri mai dunduniya, Rockwell Extra Bold. A samfurin, Ɗ ta GIDAN ƊINKI ta fito siririya kamar ba ƴar gidan ba. Mai bugawa ya ce a mayar da ita D, kowa zai gane. Na riga na biya rabin kuɗi, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bari a buga tukuna. Zaɓin rubutun kansa ba laifi. Tun da maƙerin haruffa Vincent Figgins ya fito da irinsa a Landan wajen 1815, aikinsa ke nan, kiran mai wucewa. Rockwell ɗin kamfanin Monotype ne, na 1934. Dunduniyar nan mai kusurwa da ke ƙarshen layukan harafi, wadda kaurinta ya kusa na jikin harafin, ita ke sa mai kabu-kabu ya karanta allonka ko cikin ƙurar hunturu. Sai dai a tsaya ga suna. Lambar waya da ƙananan bayanai a ba su rubutu mara nauyi, don in aka ƙanƙanta mai kaurin sai cikin haruffa irin a da e ya toshe.

Abin da ya faru shi ne babu Ɗ a rubutun da ke kwamfutar mai bugawa, sai manhajar ta aro daga wani. Maganar "kowa zai gane" kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai an kawo mini afish ko bandarol da aka yi wa wannan aski. Ƙasa ta koma kasa, baƙi sun koma baki, an rubuta kafa ana nufin ƙafa, kuma da haruffa masu tsayin kamu guda! Mutumin da ba zai taɓa barin é ta Faransanci ba wakafinta, don kada a ce bai yi lakwal ba, shi ne zai ce lanƙwasar Hausa ado ce. Harafi ne mai zaman kansa, sautinsa daban. Yara masu koyon karatu da Hausa suna bin titin nan, abin da suka gani a allo shi suke ɗauka daidai ne.

Ka koma ka sa ya buga Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ a gabanka, musamman ƴ da muke rubutawa a Nijar. Rubutun Charis na ƙungiyar nazarin harsuna SIL kyauta ne, duk yana da su, ko da yake bai kai Rockwell kauri ba. In kuma Rockwell ɗin kake so, ya mayar da D zane a manhajar CorelDraw, ya ɗora lanƙwasa mai kauri daidai da jikin harafin. Aikin minti kaɗan ne. Ku masu bugawa, ku ji tsoron Allah: tela ya biya ku kuɗin guminsa, allon nan shekaru zai yi a ƙofarsa.