Ina aiki a Jidda: ta yaya kuɗina zai isa hannun mahaifiyata a ƙauye bai ragu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a Jidda, ina da igama (takardar izinin zama) da asusu a wani bankin Saudiyya, mahaifiyata kuma tana wani ƙauye a ƙasar Gumel ta jihar Jigawa. Na saba ba wani ɗan canji riyal a nan, abokin hulɗarsa na Kano ya tura naira asusun maƙwabcinmu, shi kuma ya cira ya kai wa Inna. Abokan aikina suna ta ce mini in koma aikawa ta manhajar banki a waya. Shin ta fi aminci da rahusa, kuma me ya kamata mu tanada a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri bisa ɗawainiyar mahaifiya. Ta fuskar aminci manhajar ta fi, babu tantama. Ta fuskar rahusa kuwa sai ka yi lissafi, kuma abin da za ka lissafa shi ne nairar da ta shiga hannun Inna bayan kowa ya ɗebi rabonsa a hanya, domin ladan aikawar da manhaja take nuna maka kashi ɗaya ne kawai cikin abin da ake cira.

Hanyoyi biyu ne a cikin manhajar banki, mutane kuma sukan ɗauke su abu guda. Ta farko ita ce turawa daga banki zuwa banki ta tsarin SWIFT, wadda takan ɗauki 'yan kwanakin aiki, ta kuma ratsa ta wani banki na tsakiya da shi ma yake yankar nasa. Wannan ta dace da mai tura kuɗi masu yawa zuwa asusun dala, kamar ɗan kasuwa ko mai sayen gida, amma ba ta dace da kuɗin cefanen wata ba. Ta biyu ita ce ta kamfanonin aika kuɗi, irin su Tahweel na bankin Al Rajhi da Enjaz na bankin Albilad a can Saudiyya, ko Western Union da MoneyGram da aka sani a ko'ina. A ɓangaren Najeriya, doka ta ce sai kamfanin da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi ne zai shigo da irin wannan kuɗi, kuma sunayen masu lasisin suna shafin babban bankin na intanet. Wannan ta biyun ita ce taka.

Akwai sauye-sauye guda biyu da suka rage wa ɗan canji fifikon da yake da shi a da. A watan Yunin 2023 babban bankin ya haɗe farashin canji ya bar kasuwa ta riƙa yanke shi, sannan a ƙarshen Janairun 2024 ya cire iyakar da ya ɗora wa kamfanonin aika kuɗi kan farashin da za su bayar. Kafin nan ratar da ke tsakanin farashin banki da na kasuwar 'yan canji ta Wapa a Kano tana da faɗi ƙwarai, shi ya sa kusan kowa ya bi ta hannun 'yan canji, kuma ban ga laifin wanda ya yi hakan a lokacin ba. Yanzu ratar ta ragu sosai. Ƙa'idar ta 2024 ta kuma ce da naira za a biya mai karɓa, sannan duk abin da ya haura kwatankwacin dala 200 sai ta asusu, ba a miƙa shi hannu da hannu a kanta. Tun da riyal 3.75 ne dala ɗaya, wannan iyaka ta kama riyal 750 ke nan.

To, ga inda ake yi wa mai aikawa yankan baya. Kamfani yana cin riba ta wuri biyu: ladan da ya bayyana, da kuma ragin da ya yi wa farashin canji, wanda ba ya kiransa lada. Bari mu ƙaddara farashi don misali kawai, tun da na gaskiyar yana sauyawa kullum. Kana da riyal 1,000. Kamfani na farko ya cire riyal 15, ya canza sauran a kan naira 400, Inna ta sami naira 394,000. Na biyu ya ce kyauta yake aikawa, amma farashinsa naira 385, sai ta sami naira 385,000. Mai kyautar ya cinye maka naira 9,000. Saboda haka kafin ka danna amincewa, ka buɗe manhaja biyu ko uku a lokaci guda, ka sa adadi iri ɗaya, ka dubi layin da ke nuna abin da mai karɓa zai samu. Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara su ne mafi tsadar aika wa kuɗi, inda aika dala 200 yakan ci kusan kashi 8 cikin 100, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Da yake ladan yakan zama tsayayyen adadi, aikawa sau ɗaya a wata ta fi aikawa kaɗan-kaɗan duk mako.

Babban aikin dai a gida yake. Asusun maƙwabci, komai amanarsa, ba na Inna ba ne. Idan ana bin sa bashi banki na iya cirewa daga abin da ya shiga, idan aka rufe asusun saboda wani bincike kuɗinka ya maƙale, idan kuma ta Allah ta kasance kuɗin ya faɗa cikin lissafin gado, a shiga neman shaidu. Ya kamata ƙaninka ko wani amintacce ya raka ta Gumel ta buɗe nata da sunanta. Za a buƙaci lambar NIN ta katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki, kowacce mai alƙaluma 11, kuma dole ta je da kanta tun da za a ɗauki hoton yatsunta da fuskarta. A kula sunan ya zama iri ɗaya a duka takardun, kai ma ka rubuta shi a manhaja harafi da harafi yadda yake a banki, domin bambancin Hauwa da Hauwa'u kaɗai ya isa a tsayar da kuɗi. Lambar asusun Najeriya alƙaluma 10 ce.

A tambayi matakin asusun tun ranar buɗewa. Asusun mataki na ɗaya, wanda wakilai suke buɗe wa mutane cikin minti kaɗan a kasuwa, ba ya karɓar fiye da naira 50,000 a shiga ɗaya, kuma ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Riyal 1,000 na misalinmu ba zai shiga irinsa ba, sai dai ya koma ko ya rataye ana ta sintiri. A nemi a ɗaga shi zuwa mataki na uku, wanda ke buƙatar NIN da BVN tare da tabbatar da adireshi. Ka kuma duba ko sunan bankin yana cikin jerin da manhajarka take turawa, domin ba kowace ce take kai wa kowane banki ko asusun waya ba. Idan Inna tana ƙyamar bankin ruwa, akwai Jaiz da TAJ, sai dai a duba nisan reshensu da ƙauyenku.

Layin wayar da aka haɗa da asusun ya zama wanda aka yi wa rajista da sunanta, a kuma riƙa amfani da shi, saboda layin da ya daɗe a ajiye kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, saƙon banki ya koma hannun baƙo. Wajen cirewa kuwa mai POS ne bankin ƙauye, shi ma yana da ladansa, wanda yakan tashi idan tsabar kuɗi ta yi wuya, kamar yadda aka gani a farkon 2023 lokacin sauya fasalin naira, ko ranar Alhamis da kasuwar Maigatari take janye kuɗin yankin. Kada a bar masa kati, kada kuma a faɗa masa lambar sirri don ya danna. Tsohuwar da ba ta karatun boko tana buƙatar mutum ɗaya tak da zai riƙa raka ta, kai kuma ka kira ta da kanka ka gaya mata adadin da ka tura kafin su fita.

Shawarar da na fi so ita ce kai ma ka mallaki asusun naira a Najeriya. A 2025 babban bankin ya ƙaddamar da tsarin da ɗan Najeriya mazaunin waje zai sami BVN ta intanet ba tare da ya dawo gida ba. Da asusunka sai ka turo kuɗin wata a dunƙule, sannan ka rarraba daga wayarka: na cefane zuwa ga Inna, na taki kai tsaye zuwa ga dila idan damina ta kama, na makaranta zuwa asusun makarantar. Manhajojin bankunan gida suna nuna sunan mai asusu kafin ka tura, wannan kuma yana rage kuskure da yawan hannayen da kuɗin ke bi.

Game da ɗan canjinka, ko da farashinsa ya ɗara da 'yar naira, ba ka da rasit, ba ka kuma san daga asusun wa nairar take fitowa ba. Idan ta fito daga kuɗin zamba, asusun da ya karɓa shi ake fara rufewa. Hukumomin Saudiyya ma suna hukunta aika kuɗi ta hanyar da ba ta da lasisi, kuma mai igama shi ne mai abin rasawa. Kada kuma ka yarda ka tura wa wani kuɗinsa ta asusunka, domin idan abin da ke fita ya zarce albashinka za a tambaye ka.

Ka fara gwaji da ƙaramin adadi, kamar riyal 100. Idan kuɗi ya fita bai isa ba, ka ajiye lambar shaidar turawa, ka fara kai ƙara wurin kamfanin da ka aika ta hannunsa. In sun tabbatar ya sauka Najeriya, sai Inna ta shigar da ƙorafi a rubuce a bankinta, ta karɓi lambar ƙorafin. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya yana karɓar ƙara, kuma wannan lambar ce za su fara tambaya.