Ku tambaya mu amsa: in zuba jikata goma a gem ɗin ATOM RPG ko in riƙe abina?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina zaune Ali Dan Sofo. Wani abokina ya dame ni da zancen wani gem mai suna ATOM RPG, wai duniya ce ta rushe bayan yaƙi kai kuma kana yawo kana neman abinda za ka ci, wai kuma ba babban kamfani ne ya yi shi ba. Ni dai Free Fire da PES na saba bugawa, ban taɓa sa kuɗina na sayi gem ba tunda nike. Yanzu na tara jika goma, ina da waya mai RAM jiga 4 da wata tsohuwar kwamfuta da yayana ya bar min, Turancin Ingilishi kuma gaskiya sai a hankali. In saya ko in bari? Na gode.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na buga shi, na kai ƙarshe sau ɗaya, na kusa awa 60 a ciki kuma ban yi nadamar kuɗina ba. Amma kai da ka ce min Free Fire ka saba kuma Ingilishinka sai a hankali, kada ka ciro jika goman nan yau. Bari in gaya maka dalili, in ka gama karantawa ka ga har yanzu ranka na biyawa to bismilla.

Da farko mu gyara zance ɗaya, don na taɓa ce ma wani dattijo a fadarmu wai ina buga gem na "bayan tashin duniya", ya aje kofin shayinshi ya yi salati ya ce bayan tashin duniya kuma har akwai mai wasa? Ba tashin alƙiyama ake nufi ba. Labari ne na ƙirƙira, an ɗauka cewa a 1986 Tarayyar Sobiyet da ƙasashen Yamma sun yi ma juna ruwan makaman nukiliya, birane sun ƙone, gwamnati ta watse, sai ƴan tsirarun da sunka rage. Wasan yana farawa a 2005, shekara 19 bayan abin. A tarihi na gaskiya ba a yi wannan yaƙin ba, abinda ya faru a 1986 shi ne fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl, Sobiyet ɗin kuma da kanta ta wargaje a 1991. Kai a wasan ɗan wata ƙungiyar asiri ce da ake kira ATOM, sai a tura ka neman wata tawaga da Janar Morozov ya jagoranta, sun tahi binciken wani gidan ƙarƙashin ƙasa mai lamba 317 ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Waɗanda sunka yi shi sunansu AtomTeam, ƴan mutane ne kaɗan daga gabashin Turai, ba wani hamshaƙin kamfani a bayansu, shi ya sa ake ce ma irinsu "indi". Karo-karo sunka nema wajen jama'a a shafin tara tallafi na Kickstarter a 2017, sunka saki wasan a Disamban 2018 don kwamfuta, daga baya ya zo waya, Android da iPhone duka. Kuma ba su ɓoye ba cewa sawun gem ɗin Fallout sunka bi, na farkon nan na 1997 da na biyu na 1998, waɗanda ake kallon mutum daga sama ɗan ƙarami kamar tururuwa. To ka ga tun nan in kana jiran hoto irin na GTA V ne ka cire rai.

Abinda abokinka bai gaya maka ba shi ne wanga gem karatu ne. Karatu tsagwaronshi. Kusan duk wanda ka tarar a hanya shina da labari, mai gadin ƙofa, tsohuwa mai sayar da kaya, mashayi a bakin mashaya, kowa sai ya zuba maka zance sakin layi biyu uku kai kuma ka zaɓi amsa cikin huɗu ko biyar, kuma amsar nan ita ce wasan, da ita za ka samu aiki, da ita za ka kuɓuta daga ƴan fashi ba tare da an zubar da jini ba, da ita kuma za ka jawo ma kanka masifa. Ba muryar da za ta karanta maka yawancin zancen, idonka ne zai yi aiki. Ga barkwanci irin nasu na mutanen Sobiyet, wani na gane wani ya wuce ni. Wanda ke tsallake rubutu yana danna "gaba gaba" kamar yadda muke yi ma sharuɗɗan Facebook, wallahi ya zubar da rabin kuɗinshi. Don haka kafin komi ka buɗe shafin wasan a kantin da za ka saya, ka dubi jerin harsuna, ka tabbata wanda kake iya karantawa ba tare da ciwon kai ba shina ciki, musamman a na waya. In ba ka ga Faransanci ba kuma Ingilishin bai zauna ba, zance ya ƙare nan.

Sai faɗa. A Free Fire saurin yatsa ke ceton ka. Nan bi da bi ake yi kamar dara, ka yi naka abokin gaba ya yi nashi. Kana da ƴan maki a kowane zagaye, taku na cin maki, harbi na cin maki, sa harsashi ma na ci, in sun ƙare sai ka tsaya ka kalli yadda za a yi da kai. Kafin ka harba wasan zai nuna maka kashi nawa cikin ɗari kake da shi na samu, kuma a farko lambar nan abin kunya ce.

Ina tuna daren da na fara, cikin watan Afrilu ne zafin nan da ko bango ka taɓa sai ka janye hannu, an ɗauke wuta, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida da waya a hannu caji kashi 70. Na ɓata kusan rabin awa ina gina mutumina, don sai ka raba maki tsakanin abu bakwai, ƙarfi, juriya, zafin nama, basira, lura, farin jini da sa'a, ni kuma na zuba kusan duka a basira da iya magana wai ni malami. Ana fara wasan ko nisa ban yi ba ƴan fashi sunka tare ni sunka kwashe duk kayan da anka ba ni, haka anka tsara farkon, da gangan ne. Na isa ƙauyen Otradnoye ba bindiga ba ko sisi. Na ce bari in ɗan leƙa bayan gari, ɓeraye sunka kashe ni. Ɓeraye fa. Na sake, kyarkeci ya kashe ni. Kafin ƙarfe ɗaya na dare wayar ta yi zafi kamar an sauke ta daga kan garwashin shayi, caji ya koma 18, ni kuma abinda na mallaka a duniyar nan bai wuce ƙusoshi da guntun waya da wata wuƙa da na haɗa da hannuna ba. Matata ta leƙo ta ce mi kake yi haka kana tsaki kai kaɗai? Na ce ɓera ne. Ta ɗauko tsintsiya.

Amma a nan daɗin yake, ga mai haƙuri. Kamar ɗan gwangwan za ka zama, duk shara dukiya ce, kwalba, ƙarfe, igiya, tsumma, ka tara ka kai wa ɗan kasuwa ku yi musaya ko ya ba ka rubul, kuɗinsu kenan. Ranar da na samu bindiga ta kirki ta farko na ji kamar ranar da na sayi babur. Ga yunwa da sai ka kula da ita, ga gubar nukiliya a wasu wurare da ba ka ganinta sai dai ka ga mutuminka na lalacewa. A hankali za ka samu abokan tahiya, akwai Fidel, akwai wani tsoho marubuci mai surutu Hexogen, akwai kare Dzhulbars da ni dai na fi son shi da mutanen. In ka isa babban birninsu Krasnoznamenny ayyuka za su yi maka yawa har ka manta Janar ɗin da anka aiko ka nema. Shawara ɗaya da zan ba ka kyauta, ka zaɓi makami iri guda ka zuba maki a kanshi, kada ka ce kowane fanni sai ka taɓa, kuma ka riƙa ajiye wasan kafin ka shiga duk wata ƙofa da ba ka sani ba.

Aibinshi kuma ba zan rufe ba. Tahiya tsakanin gari da gari tana da gajiyarwa, ana yawan tare ka a hanya da faɗan da ba ka nema ba. Abokan tahiyar wani lokaci wauta gare su, sai su shiga gaban bindigarka. A waya rubutun ƙanana ne, jakar kaya kuma jan abu da yatsa sai ka yi ta kuskure. In kwamfutar yayanka tana tashi lahiya ni can na fi ba ka shawara, wasan ba mai nauyi ba ne sosai, amma ka gwada abinda shafin ya ce ana buƙata da abinda ke cikin taka kafin ka biya.

Yanzu kuɗi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, baya motsi, don haka duk gem ɗin da ka ga an rubuta Yuro 15 ka lissafa wajen sefa 9,840, jikarka goma ta tahi kenan tun ba a zo ga ladan kati ba. Don ka san a Steam, kantin intanet na gem ɗin kwamfuta, ko Play Store ba a miƙa takardar jika, sai kati irin Visa ko Mastercard, in ba ka da shi sai ka nemi wani amintacce mai shi ka ba shi kuɗin a hannu, amma a asusunka za a saya ba nashi ba, in ba haka ba ranar da kunka ɓata gem ɗin ya bi shi. Ga forfe na saukewa, jiga ne ba mega ba, gara ka nemi wifi ko ka jira na dare. Abin daɗin shi ne da zarar ya sauka ba ya cin maka intanet, kai kaɗai kake bugawa, kuma ba mai ce maka sayi lu'ulu'u sayi riga kowane sati. Sau ɗaya ake biya.

Dabara biyu. Steam na yin babban rangwame ƙarshen watan Yuni da kuma ƙarshen Disamba, tsoffin gem irin wanga farashinsu na faɗuwa sosai a lokacin, sa shi a jerin abinda kake so ka jira. Na biyu, ƙa'idar Steam ce in ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba kuma ba a yi kwana 14 da saye ba, kana iya neman a maido maka kuɗinka. To ka sa agogo. Awa biyun nan sun isa ka ga fashin farko, ka shiga Otradnoye, ka yi hira da mutum biyar shida. In ka ga kana karanta zancensu har kana murmushi, riƙe abinka. In ka ga kana hamma, maido.

Tambaya: Malam barka da aiki. Yarona shekararshi 13, ya ga wanga gem wajen ɗan maƙwabta ya ce in saya mishi in ya ci jarabawa. Ya dace? Uwa ce daga unguwar Zariya.

Amsa: Hajiya barka kadai, Allah ya ba shi sa'a. A'a, ban ba ki shawara ba. Don manya anka yi shi, akwai giya da ƙwaya da mutum zai iya sha a ciki, akwai ashar, akwai cinikin bayi da kisa, da wasu zantuttukan da ba za ki so ya zo yana tambayar ki ma'anarsu ba. Hoton ba ya da ban tsoro sosai, a rubutun abin yake, shi ya sa in kin leƙa wayar ba za ki ga komi ba. Ki saya mishi na ƙwallo, ko ƙwallon kanta.

Tambaya: Yaya ni an ce min Kenshi ya fi ATOM, kuma akwai mai tura shi a kasuwa dala ɗari. Mi ka gani?

Amsa: Ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Kenshi wani Bature ɗan Ingila ne Chris Hunt ya fara shi shi kaɗai, yana aikin gadi da dare yana rubuta gem da rana, ya ɗauki wajen shekara 12 kafin ya fito cikakke a Disamban 2018, wata ɗaya da ATOM. Shi ba labarin da za a ɗora ka a kai, hamada ce ƙatuwa a jefa ka ciki, a yi maka duka, a kama ka bawa, ka rasa hannu ko ƙafa, kuma dukan nan da kake sha shi ke ƙara maka ƙarfi. Karatu bai kai na ATOM ba, don haka mai raunin Turanci zai fi jurewa, amma babu shi a waya sam, kuma tsohuwar kwamfuta tana wahala da shi, kana cikin gudu sai ya tsaya cak yana loda ƙasa, fanka na kuka.

Na dala ɗarin kuwa, na san ana yi, ni ma a baya na sha kai kebul ɗina a cika min. Sau ɗaya na dawo da ƙwayar cuta da ta ɓoye min duk takardun da ke kan kwamfutar har da hotunan sunan ɗiyata, gyaran ya ci min jika bakwai kuma hotunan ba su dawo duka ba. Kuma masu yin waɗanga gem ba masu biliyoyi ba ne, ƴan mutane ne da sunka zauna shekaru suna abu ɗaya, cinikin na farko ne ke ba su halin yin na biyu, ƴan ATOM sun fitar da ci gabanshi Trudograd a 2021, har kana iya ɗauko mutuminka na farkon ka ci gaba da shi. In jika goma ta yi maka yawa ka jira rangwamen Disamba, ka zo da kwamfutarka fadarmu mu duba ko za ta ɗauka.