Ciwon baya da teɓa: ƙarfafa tsokar ciki zai taimaka?

Tambaya: Likita barka da aiki. Aikina na zama ne a ofis tun safe har yamma, bayana yana yawan ciwo ga teɓa ta fara fitowa. Wani abokina yace in riƙa atisayen nan na kwanciya rigingine ina tashi zaune, wai zai gyara duka biyun. Gaskiya ne?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abokinka ya yi daidai da ya kawo maganar tsokar ciki, amma wancan atisayen tsokar sama-sama yake motsawa, wadda ake gani layi-layi a cikin 'yan wasa, kuma ba ita ce ke riƙe maka baya ba. Masu wannan aikin suna can ciki. Akwai wadda ta zagaye ciki kamar ɗamara, akwai ƙanana da suka bi ƙashin baya suna riƙe gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, daga sama tsokar numfashi wadda ta raba ƙirji da ciki, daga ƙasa kuma tsokokin ƙasan mara masu riƙe fitsari da bahaya. Tare suke aiki, kafin ma ka ɗaga hannu ko ka ɗauki kaya sun riga sun ɗaure ba tare da ka sani ba. In suka yi rauni nauyin sai ya koma kan ƙashin bayan, shi yasa zaka ga mutum ya sunkuya ɗaukar abu mara nauyi baya ya riƙe. Ko yoyon fitsari lokacin tari ko atishawa da wasu mata ke fama da shi bayan haihuwa, sau da yawa daga nan yake.

Teɓa kam atisayen ciki ba ya narkar da ita, kitse daga jiki gaba ɗaya yake raguwa, sai an gyara abinci an haɗa da tafiya.

Abin da nake so ka fara: kwanta rigingine ka lanƙwasa gwiwa ka ɗaga ƙugu sama, ka riƙe sakan 10. Sai ka yi rarrafe ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu, ka canza. Kar ka riƙe numfashi don Allah, nan mutane da yawa ke ɓata abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya su yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a sati. A ofis kuma ka dinga miƙewa kana ɗan takawa akai-akai.

Amma in ciwon yana sauka ƙafa da sanƙarewa ko rashin ƙarfi, ko ka kasa riƙe fitsari, ko akwai zazzaɓi da rama, bar atisaye ka je asibiti a ranar.