Tambaya da Amsa: Ƙaramin Akwatin Hoto da ke Ƙin Zama Wuri Ɗaya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ne ke haska karatun mako-mako na makarantarmu kai tsaye a Facebook, da na'urar ATEM Mini Pro mai haɗa hotunan kyamara da na kwamfuta a allo ɗaya. Ina so rubutun darasi ya cika allo, fuskar malaminmu kuma ta fito a ƙaramin akwati. Sai dai duk lokacin da na gyara girman akwatin sai ya koma yadda yake, kuma salon sauyawa mai ture hoto ya daina aiki. Ko na'urar ce ta lalace? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, na'urarka lafiyarta ƙalau. Wannan samfuri da kamfanin Blackmagic Design ya fitar a 2020 yana da kafar shigar da hoto ta HDMI guda 4, amma injin da ke rage hoto yana motsa shi, wanda ake kira DVE, guda ɗaya ne tak. Da shi ake yin ƙaramin akwatin, da shi kuma ake yin salon turewa da na matsewa, saboda haka muddin akwatin na kan allo, waɗannan salo ba za su samu ba. Ba a gudu ana susar takashi. Abin da ya rage maka shi ne yanka kai tsaye da CUT, ko narkewa da MIX, ko sharewa, kuma a ganina narkewa ta rabin daƙiƙa ko daƙiƙa 1 ta fi dacewa da zaman ilimi, domin hoto mai tsalle-tsalle yana ɗauke hankalin ɗalibi daga abin da ake karantawa.

Batun komawar akwatin kuwa, maɓallan kusurwa huɗu na jikin na'urar ne sanadi, don kowannensu yana mayar da girma da mazaunin da kamfani ya tsara. Tun farko ka sa kyamarar malam a kafa ta 1, domin daga nan na'urar ke ɗaukar hoton akwatin idan ba a sauya mata ba. Sannan ka buɗe manhajar ATEM Software Control a kwamfuta, ka shiga sashen Upstream Key 1, ka zaɓi DVE, ka daidaita girma da mazauni yadda akwatin ba zai rufe rubutu ba. Idan rubutun Larabci ne, wanda ke farawa daga dama, ka ajiye akwatin a ƙasa ta hagu.

Da ka samu yadda kake so, sai ka naɗe shi a matsayin makiro, wato jerin umarnin da na'urar ke haddacewa ta maimaita da dannawa ɗaya. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: makiro ba ya ɗaukar abin da ka tarar a shirye, sai abin da ka taɓa yayin naɗewa. Don haka bayan ka fara naɗewa, ka sake zaɓen kyamarar, ka ɗan motsa kowace lamba ta girma da mazauni sannan ka mayar da ita. Ka yi ɗaya na rubutu da akwati, ɗaya na malam shi kaɗai, ka ba su sunayen da mataimakinka zai gane ko ba ka nan.

Kada ka rufe kwamfutar sai ka danna Save Startup State a cikin manhajar, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar karatu, na'urar ta tashi da shirinka. Ka kuma ajiye kwafin saitin a filashi.