Ƙarancin jini da hawan ESR ga mai tarin fuka

Ɗan'uwa, ka ce an gano Baba na da tarin fuka a Jidda, gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa, ESR kuma (gwajin jini mai nuna alamar kumburi a jiki) ya hau. Allah ya ba shi lafiya. Kwantar da hankalinka, haka cutar take: tana hana jiki sarrafa sinadarin ayon yadda ya kamata, sai jini ya ragu. Yawanci yana dawowa idan magani ya kama.

Kada ku sayo maganin ƙarin jini a saidaliyya (kantin magani) ba da sanin likita ba. Kuma ko ESR ya sauka, sai ya cika wata 6 yana shan magani. Gwajin kaki ne ma'aunin ko magani na aiki.

In kun ga fitsarinsa ya yi ja, aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka. Amma in idonsa ya yi rawaya ko yana yawan amai, ku garzaya asibiti a duba hanta.